Rubutun Sha da Bitar Gardi a Tsangayun Magarya

Tun kafin Faransawa su ci Damagaram a shekarar 1899, malaman tsangayun ƙasar Magarya da Dungas, har da ƙauyuka irin su Guci, sun san illar yaron da karatu ya yi wa nauyi, wanda tsararrakinsa suka wuce babbaƙu suka shiga farfaru alhali shi bai rabu da allonsa na fari ba. Hanya biyu suke bi. Ɗaya ita ce rubutun sha, inda malam zai rubuta ayoyi a allo da tawadar da aka haɗa da ƙaro, a wanke, yaro ya shanye, da niyyar Allah Ya buɗe masa basira, Ya ƙarfafa haddarsa. Ɗayar kuwa, wadda a ganina ita ce ginshiƙin al'amarin, ita ce a danƙa shi ga gardi, su zauna gefen wutar kara bayan lisha, gardin yana biya masa harafi harafi, yana ɗora yatsansa kan kowane baƙi, har harshensa ya warware. Malamai muhaƙƙiƙai ba su yarda a wanke allo ba sai yaro ya biya abin da ke kansa babu tuntuɓe, ko da kuwa iyaye sun ƙosa da jiran sauka.