Yadda Garkuwar Jiki Ke Gane Cutar Fungas, da Yadda Take Rikiɗewa Zuwa Sefsis

Fungas wasu ƙananan halittu ne, dangin waɗanda ke haddasa makero da ƙyasbi a fata. Yawancinsu ba sa wuce fata, sai dai wasu, kamar Candida albicans, kan kutsa cikin jini idan garkuwar jiki ta raunana. Waɗanda suka fi fuskantar wannan haɗari sun haɗa da masu cutar ƙanjamau, da masu karɓar maganin sankara, da jariran da aka haifa bakwaini, da majinyatan da aka daɗe da sanya wa robar ƙarin ruwa a jijiya.

Jiki na gane fungas ne ta wasu sunadarai da ke jikin fararen ƙwayoyin jini. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Dectin-1, shi ke kama wani nau'in sukari da ke ɓawon fungas ɗin. Da zarar ya kama, sai saƙo ya ratsa cikin ƙwayar ta hannun sunadaran Syk da CARD9, har ya isa ga ƙwayoyin gado. Daga nan ne ake sakin sinadaran gangami da ake kira saitokin, irin su TNF da IL-6, waɗanda ke kawo zazzaɓi tare da kiran ƙarin fararen ƙwayoyin jini. Mutanen da aka haifa da tawaya a CARD9 kan yi fama da cututtukan fungas masu tsanani.

Wata hanyar ita ce ta sunadaran Toll. A shekarar 1996, Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa ƙudajen da ke da tawaya a Toll na mutuwa idan fungas ya kama su. Wannan aiki ne ya ba shi rabo a kyautar Nobel ta 2011.

Matsala na tasowa ne idan gangamin ya wuce kima. Jijiyoyin jini sai su saki su fara yoyo, ƙarfin jini ya faɗi, jinin ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyi, ƙoda da huhu da hanta su gaza. Wannan shi ne sefsis. Bayan haka garkuwar kan gaji, har wata cutar ta samu ƙofar shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutane kimanin miliyan 49 ne suka kamu da sefsis a 2017, miliyan 11 suka rasu. A 2022 kuma ta fitar da jerin fungas 19 mafi haɗari.

Maganin bakteriya ba ya kashe fungas, saboda haka gwajin jini ne ke nuna maganin da ya dace. Duk majinyacin da ke da zazzaɓi tare da saurin numfashi, ruɗewa ko ƙarancin fitsari, a gaggauta kai shi asibiti.