Mai Gida a Kujerar Jami'in Shige da Fice: Nazari kan Dokokin Haya a Ƙananan Garuruwan Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dokokin da wasu ƙananan garuruwan Amurka suka kafa tsakanin 2006 da 2010 domin hana bai wa baƙin haure hayar gida. Ta bi diddigin abin da ya faru a Hazleton da Farmers Branch da Fremont, sannan ta waiwayi makamancin tsarin a Ingila. Matsayarta ita ce, ainihin ƙarfin irin wannan doka yana cikin tsoron da take jefa wa masu gidaje da 'yan haya, kuma wannan tsoro kuɗin goro yake yi wa mai takarda da marar takarda.

Gabatarwa

A tsarin mulkin Amurka, gwamnatin tarayya ce ke da hurumin faɗin wanda zai shigo ƙasar, da wanda zai zauna, da wanda za a tasa ƙeyarsa. Sai dai baƙon da ya shigo a wani gari yake kwana, 'ya'yansa makarantar garin suke zuwa, idan ciwo ya kama shi asibitin garin za a kai shi. Iko yana Washington, ɗawainiya tana wuyan kansiloli. A 2006 da 2007 majalisar dokokin tarayya ta yi ta kai-kawo kan gyaran dokar shige da fice ba tare da ta cim ma matsaya ba, sai wasu garuruwa suka ce tura ta kai bango. Ba su da ikon fitar da kowa daga ƙasa, amma suna da tsohon iko a kan gidaje: su ke ba da lasisin haya, su ke duba lafiyar gini. Da wannan makami suka tunkari lamarin, bisa lissafin cewa wanda ya rasa makwanci da ƙafarsa zai bar gari.

Hazleton: Yadda Aka Tsara Dokar

Hazleton tsohon garin haƙar kwal ne a jihar Pennsylvania, wanda baƙi daga Ireland da Italiya da Poland da Slovakia suka raya a ƙarni na 19. Da kwal ya mutu, garin ya yi ta tsiyaye mutane, har ƙidayar 2000 ta same shi da kimanin mutum 23,000. Daga nan aka jawo kamfanoni da sassaucin haraji, suka buɗe manyan rumbunan ajiyar kaya da masana'antar sarrafa nama a bayan gari. Aiki ya samu, haya kuma da araha, sai iyalai masu jin Sifaniyanci, mafi yawansu 'yan asalin Jamhuriyar Dominika, suka kwararo daga New York da New Jersey. A watan Mayu na 2006 aka harbe wani mazaunin garin, aka zargi wasu baƙin haure biyu. Daga baya an janye tuhumar, amma kafin nan, a watan Yuli, magajin gari Lou Barletta ya riga ya shawo kan majalisar gari ta zartar da dokarsa.

Yana da kyau a tsaya a kan yadda aka so dokar ta yi aiki a aikace. Duk mai shekara 18 zuwa sama da ke son kama haya sai ya je ofishin gari, ya biya dala 10, ya nuna shaidar cewa ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama, kafin a ba shi takardar shiga gida. Mai gidan da ya sa ɗan haya ba tare da wannan takarda ba zai biya tarar dala 1,000 a kan kowane mutum, da ƙarin dala 100 kowace rana. Sashe na biyu ya fi wannan kaifi. Kowane mazaunin gari yana iya rubuta ƙorafi cewa gidan wane akwai baƙon haure. Ofishin gari zai tambayi gwamnatin tarayya, idan amsa ta tabbatar, a ba mai gida 'yan kwanaki ya fitar da mutumin, in ya ƙi a dakatar da lasisinsa, a hana shi karɓar kuɗin haya. Ta wannan hanya maƙwabci ya zama mai kai rahoto, mai gida ya zama mai zartar da hukunci, ɗan haya kuwa ba a tanadar masa wani zama na kirki da zai kare kansa ba.

Garuruwa da yawa sun bi sahu a cikin shekarar, ciki har da Riverside a New Jersey, Valley Park a Missouri, Escondido a Kalifoniya da Farmers Branch a Texas. A da yawa daga cikin shari'o'in da suka biyo baya lauya ɗaya ne ya tsaya wa garuruwan, wato Kris Kobach, abin da ke nuna cewa dokokin ba daga ƙorafin mazauna kawai suka tsiro ba. Akwai masu neman a gwada iyakar tsarin mulki ta kan ƙananan hukumomi.

Abin da Kotuna Suka Gani

Dokar Hazleton ba ta yi aiki ko da yini ɗaya ba. Alƙali James Munley na kotun tarayya ya dakatar da ita ana jajibirin fara aikinta a 2006, ya kuma soke ta a watan Yuli na 2007. Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta uku ta tabbatar da hukuncin a 2010, ta sake tabbatar da shi a 2013 bayan Kotun Ƙoli ta mayar mata da shari'ar ta ƙara dubawa. A shekarar ce kuma kotun shiyya ta biyar ta rushe dokar Farmers Branch. Hujjar tana da tsohon tushe. Tun 1941, a shari'ar Hines da Davidowitz, Kotun Ƙoli ta soke wata dokar jihar Pennsylvania da ta tilasta wa baƙi yin rajista duk shekara, bisa dalilin cewa tarayya ta riga ta mamaye wannan fage. A 2012 ta sake jaddada ƙa'idar a shari'ar jihar Arizona. Alƙalan suka ce hana mutum wurin kwana saboda matsayinsa na shige da fice daidai yake da yanke hukuncin inda baƙo zai zauna a ƙasar, wanda ba hurumin kansila ba ne.

Akwai hujja ta biyu da ta fi muhimmanci ga wannan nazari. Dokokin sun ɗauka cewa mutane kashi biyu ne rak, mai izini da marar izini, kuma ana iya gane kowa da tambaya ɗaya. A dokar tarayya lamarin ba haka yake ba. Akwai mai neman mafaka da shari'arsa ke gaban alƙali, akwai wanda bizarsa ta ƙare alhali takardar neman zamansa tana layi, akwai macen da ta tsere wa mijin da ke azabtar da ita kuma doka ta ba ta damar neman zama da kanta, akwai wanda aka yi safararsa. Irin waɗannan gwamnatin tarayya ta san da zamansu, wasu ma ta ba su izinin aiki. Alƙalin shige da fice ne ke da kalmar ƙarshe, sau da yawa bayan shekaru. Gari ya nemi mai gida ya yanke cikin kwanaki abin da tarayya kanta ba ta yanke ba.

Sai dai kotuna ba su yi magana da murya ɗaya ba. A Fremont ta jihar Nebraska, mazauna ne da kansu suka amince da dokar ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama a watan Yuni na 2010. A can ɗan haya zai je ofishin 'yan sanda, ya biya dala 5, ya cike takarda, a ba shi lasisin nan take. Bincike daga baya yake zuwa, kuma duk lokacin da ya sauya gida sai ya sake sabo. A 2013 kotun shiyya ta takwas ta ce wannan bai saɓa wa tsarin mulki ba, tunda garin bai kori kowa daga ƙasa ba, kuma bai ƙirƙiro nasa ma'aunin tantance baƙi ba. A 2014 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙararrakin duka uku. Saboda haka abin da aka haramta a Pennsylvania da Texas ya halatta a Nebraska.

Dokar da Ke Aiki Kafin Ta Fara Aiki

Wanda ya tsaya a kan hukuncin kotu zai ce yawancin dokokin sun mutu a cikin ƙwai. Abin da ya faru a tituna ya nuna akasin haka. A Hazleton iyalai sun fara kwashe kaya tun dokar tana gaban alƙali, shagunan titin Wyoming, inda 'yan kasuwa masu jin Sifaniyanci suka farfaɗo da kangaye, suka rasa masu saye. A Riverside 'yan Brazil da yawa sun watse, shagunan aski da gidajen abinci suka rufe, har majalisar garin ta janye dokarta a watan Satumba na 2007 ba tare da ta taɓa aiwatar da ita ba.

Dalilin yana cikin lissafin mai gida. Mutum biyu sun zo neman ɗaki. Ɗaya sunansa da harshensa irin na 'yan gari ne, ɗayan Turancinsa da gargada, takardar da ke hannunsa kuma mai gidan bai taɓa ganin irinta ba. In ya ba na farko, ba abin da zai same shi. In ya ba na biyu, akwai yiwuwar ƙorafin maƙwabci, da tara, da rasa lasisi. Ba sai mai gidan ya kasance mai ƙyamar baƙi ba kafin ya zaɓi na farko. Tsoron asara ya ishe shi dalili. To amma na biyun yana iya zama ɗan Puerto Rico, wanda ɗan ƙasar Amurka ne tun daga dokar 1917, ko mai izinin zama na dindindin. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta nuna bambanci saboda asalin ƙasa, sai ga dokar gari tana tura mai gida zuwa ga abin da dokar tarayya ta hana shi. Haka kuma gida ɗaya yakan haɗa uba marar takarda, da uwa mai izini, da yara da aka haifa a Amurka. Fitar da uban fitar da su duka ne.

Ingila ta ba da damar gwada wannan hujja a inda babu gardamar hurumi, domin majalisar ƙasa ce da kanta ta kafa tsarin a dokar shige da fice ta 2014, ya game Ingila daga watan Fabrairu na 2016. Duk ɗalibin Najeriya ko Ghana da ya nemi ɗaki a hannun masu gidajen haya a Landan ko Birmingham tun daga lokacin ya san dole ya nuna shaidar izininsa. Dokar 2016 ta ƙara hukuncin ɗauri har na shekara biyar ga mai gidan da ya saɓa da gangan. A 2019 babbar kotu ta yanke cewa tsarin yana sa masu gidaje su fifita mai fasfon Birtaniya a kan sauran masu cikakken haƙƙin haya. Kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2020, amma ba ta musanta cewa ana nuna bambancin ba. Cewa ta yi manufar gwamnati ta isa ta halatta tsarin. Badaƙalar Windrush ta 2018, inda mutanen da suka shafe shekaru da dama a ƙasar bisa ƙa'ida suka rasa aiki da muhalli don sun kasa kawo takarda, ta nuna wanda irin wannan raga take kamawa.

Hujjar Masu Goyon Baya

Rashin adalci ne a ce duk wanda ya goyi bayan dokokin mai wariya ne. Garin da yawan jama'arsa ya ƙaru cikin 'yan shekaru, alhali harajinsa bai ƙaru daidai da haka ba, yana da kuka na gaskiya: cunkoso a azuzuwa, gidajen da aka yanyanka aka cusa mutane, ƙarancin 'yan sanda. Kuma gaskiya ne tarayya ta bar su da nauyin.

Amma maganin bai dace da ciwon ba. Cunkoson gida yana da dokarsa tun da can, wadda ke ƙayyade yawan masu kwana a ɗaki ba tare da duba fasfon kowa ba. Abin da ya kawo baƙin kuwa aiki ne. A Fremont manyan kamfanonin nama a wajen iyakar gari suke lokacin da aka yi ƙuri'ar, don haka dokar ba ta kai gare su ba, kuma daga baya majalisar garin ta amince da gina katafariyar masana'antar kaji mai yi wa kamfanin Costco aiki, wadda ta buɗe a 2019. An bar jaki ana dukan taiki. Ga kuma asarar kuɗi: a 2015 kotu ta umurci Hazleton ta biya lauyoyin masu ƙara kusan dala miliyan 1.4, Farmers Branch ta kashe sama da dala miliyan 6, Fremont ta ƙara harajin gidaje domin tanadin kuɗin shari'a. Waɗanda suka ci riba 'yan siyasa ne: a zaɓen 2010 Barletta ya ci kujerar majalisar wakilai ta tarayya, Kobach ya ci ta sakataren jihar Kansas. Hazleton kuwa, inda masu asalin Latin Amurka ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba a 2000, sun haura kashi 60 a ƙidayar 2020.

Kammalawa

Kowace ƙasa tana da haƙƙin tsare iyakarta da fitar da wanda ya saɓa dokarta, amma wannan aiki ne na jami'in da aka horar, wanda akwai alƙali a samansa, akwai kuma hanyar ɗaukaka ƙara. Da zarar an ɗora shi a kan mai gida, an ba da hukunci ga wanda ba shi da ilimin yankewa, kuma amfaninsa yana cikin ƙin duk wanda ya yi kama da baƙo. Jihar Kalifoniya ta gane haka tun 2007, ta hana garuruwanta tilasta wa masu gidaje tambayar matsayin ɗan haya. Don haka ma'aunin da ya kamata masu nazari da masu tsara doka su yi amfani da shi ya wuce tambayar ko wace hukuma ce ke da hurumi. Ya kamata a ƙirga mutum nawa masu cikakken haƙƙi ne za a hana muhalli kafin a kama marar takarda ɗaya, a kuma ɗora wa masu kawo dokar nauyin nuna cewa ribarta ta rinjayi wannan ɓarna. Daga Hazleton zuwa Ingila, ba a kawo wannan hujja ba tukuna.