Ƙarfe, Giya da Ganga: Tarihin da Marubuci Bai Kamata Ya Tsallake Ba



A Ingila akwai wani kiɗa mai ƙarar gaske da sunansa ke nufin ƙarfe mai nauyi. A Birmingham, garin masana'antu, ya samo asali, inda ƙungiyar Black Sabbath ta kafu a 1968. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, a masana'antar ƙarfe inji ya datse masa kan yatsu biyu, ya sassauta tsirkiyar jitarsa don ya iya kaɗawa, sautin ya ƙara kauri. Masu son wannan kiɗa sun daɗe suna haɗa shi da giya, har a 2013 ƙungiyar Iron Maiden ta fitar da tata mai suna Trooper.

Wani zai ce ina ruwanmu. To, ƙasar Hausa ma ta taɓa ganin ƙarfe da giya da kiɗa a zaure ɗaya, kuma yadda aka raba su babban babi ne a tarihinmu.

Ku duba Tarihin Kano, inda aka lissafa manyan mutanen Barbushe a gindin Dala. Akwai Gijigiji maƙeri, akwai Bugazau mai dafa giya, akwai Jandodo sarkin makaɗa, akwai Maguji mai haƙar tama da narka ta. Jeri ɗaya aka sa su, kowa da muƙaminsa. A wancan zamani dafa giya sana'a ce kamar ƙira. Dawa ake jiƙawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami. Ita ce burkutu, kuma a wajen Maguzawa mata ne ke dafa ta, a sha ranar gayya, ranar biki, da wajen tsafi. Kiɗan ma kowace sana'a da nata: maƙera dundufa, mahauta kalangu, manoma gangar noma, 'yan bori garaya da goge.

Jihadin 1804 ne ya canza lissafi. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa halayen sarakunan Haɓe da ya ƙi, ciki har da shan abin da suka ga dama ko da haramun ne, da shagala da kaɗe-kaɗen banza dare da rana. Nana Asma'u kuma ta yi ta jan mata daga bori zuwa karatu ta hanyar 'Yan Taru. Giya ta fice daga fada, ta koma ƙauyukan Maguzawa da bayan gari, goge ya bi ta, har sunansa ya ɓaci tare da nata. Kiɗan fada kuwa ya zauna da mutuncinsa. Shi ya sa ƙasar Sakkwato ta haifi Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotsonsu, da Salihu Jankiɗi da taushinsa, suna waƙa gaban sarakuna, tukuicinsu doki da riga.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasar ketare a Arewa, amma Sabon Gari da barikin soja suka zama wani waje daban. Daga nan kalmar bariki ta ɗauki ma'anar da muka san ta da ita. A irin wannan duniya ta otel da 'yan duniya aka yi ta sauraron waƙar Mamman Shata ta A Sha Ruwa, wadda har gobe ake gardamar wane ruwa yake nufi. Sai shekara ta 2000, da Zamfara da Sakkwato da Kano suka ƙaddamar da shari'a, doka ta rufe gidajen giya.

Mu da ke Kalambaina mun san ƙarar injin, don kamfanin siminti da aka kafa a 1962 ya fara aiki tun 1967. Sai dai ma'aikaci ko direban tirela da ya tashi aiki a nan, teburin mai shayi yake nufa, waƙa na tashi daga waya.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne, abin da ke cikin ƙwarya da abin da ake kaɗawa su ke gaya wa mai karatu zamani da matsayin mutanen labarinka. In ka rubuta bikin Maguzawa ka miƙa musu lemon kwalba, ka yi wa tarihi ƙarya. In ka sa mai goge a fadar Sarkin Musulmi Bello, ka fi yin ƙarya. Ambaton giya a labari ba halatta ta ba ne. Shehu da kansa sai da ya faɗi sunan abin da ya tarar kafin ya yaƙe shi. Marubucin da ya goge wannan, ya rage wa mai karatu sanin girman aikin da aka yi.

Kafin ka rubuta taro na gaba, tambayi kanka: wace shekara ce, wa ke kiɗa, me ake sha? Allah ya ƙara mana basira.