Daga Ragowar Kayan Yaƙi zuwa Tikitin Caca: Inda Birtaniya Ta Samo Kuɗin Raya Kayan Tarihinta

A watan Afrilun 1946, Yaƙin Duniya na Biyu bai cika shekara da ƙarewa ba. Mutanen Birtaniya sai da kati suke sayen nama da sukari, bashin Amurka kuma ya yi wa gwamnati katutu. A wannan hali ne ministan kuɗi Hugh Dalton ya shiga majalisa da kasafin da ya ware fam miliyan 50 domin sayen filaye da gine-ginen tarihi. Kuɗin daga cinikin ragowar kayan yaƙi suka fito, kayan da soja suka gama da su aka yi gwanjonsu. Dalton mutum ne mai son yawo da ƙafa a kan tsaunuka, a ganinsa kuwa babu abin tunawa da ya dace da waɗanda suka mutu a fagen fama kamar a mallaka wa jama'a ƙasar da suka mutu suna karewa. Haka aka haifi Asusun Filaye na Ƙasa.

Dabarar asusun tana da sauƙi. A lokacin harajin gado ya yi tsanani, har yakan cinye fiye da rabin dukiyar babban attajiri idan ya mutu. Magajin da ba shi da tsabar kuɗi yana iya miƙa gida ko fili a madadin haraji, asusun ya biya hukumar haraji, sannan a danƙa wurin ga wata ƙungiya mai riƙon amana. Gidan Cotehele da ke Cornwall ta wannan hanya ya shiga hannun ƙungiyar National Trust a 1947.

Sai dai ma'aikatan Baitulmali ba su taɓa ƙaunar wannan asusu ba. Kaɗan aka kashe daga cikinsa, kuma a 1957 aka zaftare shi zuwa fam miliyan 10, aka mayar da sauran aljihun gwamnati. Abin takaicin shi ne a daidai waɗannan shekaru ake ta rushe manyan gidajen karkara. Masu su ba sa iya gyaran rufi, barori sun watse zuwa masana'antu, sai a kira masu rusau su kwashe katako da dalma. A tsakiyar shekarun 1950 kusan duk mako sai an rasa ɗaya. Ba a farga sosai ba sai 1974, lokacin da gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya baje hotunan ɗaruruwan gidajen da suka salwanta.

Abin da ya fusata jama'a ƙwarai shi ne batun Mentmore. Wannan katafaren gida ne a Buckinghamshire, wanda Joseph Paxton ya zana wa wani ɗan gidan Rothschild a shekarun 1850, maƙare da zane-zane da kujeru da agogai da aka tattaro daga fadojin Turai. Da mai gidan, Lord Rosebery, ya rasu a 1974, magajinsa ya yi wa gwamnati tayin gidan da duk abin da ke ciki a kan fam miliyan 2. Aka yi ta jan ƙafa har farashin ya koma miliyan 3. Gwamnatin James Callaghan, wadda ba ta daɗe da karɓo rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya ba, ta ce ba ta da hali. A watan Mayun 1977 kamfanin Sotheby's ya kafa rumfa a harabar gidan ya yi kwanaki yana gwanjo, kayan kaɗai suka tashi fiye da fam miliyan 6. Daga baya sai da gidajen tarihi na gwamnati suka bi wasu kayan suna saye ɗaya-ɗaya da tsada, an ƙi cin biri an ci dila.

Wannan abin kunya ne ya haifar da dokar 1980, wadda ta karɓe ragowar kuɗin Dalton daga hannun Baitulmali ta miƙa wa amintattu masu zaman kansu, ƙarƙashin Lord Charteris, tsohon sakataren Sarauniya. Sabon asusun ya ɗauki sunan tunawa da mazan jiya, kuma aikinsa kamar na 'yan kwana-kwana ne, sai abu ya kai gargara ake kiransa. Ya sa hannu a aikin jirgin ruwan Mary Rose na Sarki Henry na Takwas, wanda ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982, ya kuma taimaka aka hana sayar da tsohuwar taswirar duniya da ke cocin Hereford. Amma abin da gwamnati ke ba shi a shekara bai taka kara ya karya ba.

Kuɗi na gaske sai zamanin firaminista John Major suka zo. Major ya san cewa duk ranar da aka zauna rabon kasafi, asibiti da makaranta za su riga tsohon gini, kuma babu ɗan siyasar da zai yi musun hakan. Saboda haka ya nemi wata kafa da ba ta bi ta haraji ba, wato cacar ƙasa. An yi dokar a 1993, aka fara juya ƙwallaye a talabijin ranar 19 ga Nuwamba 1994. A lokacin tikiti fam ɗaya ne, kuma a cikin kowane fam kimanin kwabo 28 na tafiya ayyukan alheri guda biyar, kayan tarihi na samun kashi ɗaya. Amintattun 1980 aka ɗora wa rabon wannan kaso. Mutanen da suka saba lallaɓa 'yan miliyoyi sai ga su da ɗaruruwan miliyoyi a shekara.

Ba su fara da ƙafar dama ba. A 1995 suka biya fam miliyan 12.5 domin sayen takardun Winston Churchill daga hannun iyalinsa, cikin masu cin moriyar har da jikansa, ɗan majalisa a jam'iyya mai mulki. Jaridu suka yi caa. Tambayar da suka yi tana da nauyi: wa ke sayen tikitin nan? Galibi leburori ne da direbobi da 'yan fansho, masu tsayawa a kantin unguwa ranar Asabar. Don me kuɗinsu za su ƙare a aljihun masu hali, ko a rufin gidajen da ba su taɓa takawa ba?

Wannan suka ta yi amfani. A 1996 asusun rabon kuɗin cacar ya buɗe shiri na musamman domin lambunan shaƙatawa na birane, waɗanda ƙananan hukumomi suka yi watsi da su bayan tsuke bakin aljihu na shekarun 1980. Tafkuna sun cika da shara, an farfasa rumfunan makaɗa, iyaye sun daina kai yara. Ɗaruruwan irin waɗannan wurare aka farfaɗo da su. Cikinsu akwai lambun Birkenhead kusa da Liverpool, wanda aka buɗe a 1847, kuma wanda ya zana shi shi ne dai Paxton na Mentmore. An bar gidan da ya gina wa attajiri ya watse, amma lambun da ya tsara wa talakawa ya samu gyara. A shekarar 1996 ɗin ce kuma aka ba da fam miliyan 25 domin gyaran mashigin ruwa na Kennet da Avon, tsohuwar hanyar jiragen dakon kaya.

Ma'anar kayan tarihi ita ma ta faɗaɗa har ta haɗa da daji da tsuntsaye. Misalin da ya fi ban mamaki yana can ƙuryar arewacin Scotland, a wani makeken dausayi da ake kira Flow Country, inda ruɓaɓɓen gansakuka ya yi shekaru dubbai yana taruwa, yana riƙe da iskar da ke ɗumama duniya. A shekarun 1970 da 1980 gwamnati ce da kanta ta yi wa masu kuɗi rangwamen haraji idan suka dasa itatuwan katako, aka yi ta haƙa magudanai ana busar da dausayin, har sai da aka soke rangwamen a 1988. Daga 2014 kuɗin caca suka shiga aikin warware wannan ɓarna: a sare itatuwan, a toshe magudanan ɗaya bayan ɗaya, a bar ruwa ya koma mazauninsa. A watan Yulin 2024 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren gado na duniya.

Samun tallafin ba wasa ba ne. Mai neman kuɗi masu yawa sai ya bi mataki biyu, na farko a ba shi abin da zai tsara aikin da shi, na biyu ya dawo a sake tantance shi. Dole ya kawo wani kaso daga wata kafa, ya kuma nuna wanda zai amfana da yadda wurin zai ci gaba da rayuwa bayan kuɗin sun ƙare. Ƙananan ƙungiyoyi na kukan cewa cike takardun kaɗai aiki ne na mai albashi. Akwai kuma waɗanda ba sa nema sam, domin masallatai da dama da wasu coci-coci suna ganin kuɗin caca ba abin da za a gyara ɗakin ibada da shi ba ne, komai tsufan ginin.

Hannun gwamnati ma bai daina leƙowa ba. An yi alkawari tun farko cewa kuɗin caca ƙari ne a kan kasafi, ba madadinsa ba, amma da Landan ta samu baƙuncin wasannin Olamfik na 2012, an yanki fiye da fam miliyan 150 daga kason kayan tarihi aka zuba a can. Duk da haka, daga 1994 zuwa yau asusun ya raba fiye da fam biliyan 8 ga ayyuka sama da 40,000. A 2023 ya fitar da tsarin shekara goma na kashe fam biliyan 3.6, lissafin da ya dogara kacokan a kan yawan tikitin da kamfanin Allwyn, wanda ya karɓi ragamar cacar daga Camelot a Fabrairun 2024, zai iya sayarwa.