Louis Bachelier: Farfesan da ya shigar da lissafi kasuwa

Yau da tambaya za mu fara. Kai da ke sayen buhun gero a kasuwar Gummi da kaka ka ajiye sai bazara, ko mai sayen zinari giram-giram a Anka, za ka iya faɗin farashin gobe? Akwai wani Bafaranshe da ya ce ba wanda zai iya, amma ana iya auna girman rashin sanin. Sunansa Louis Bachelier, ana furtawa Bashaliye.

An haife shi ranar 11 ga Maris 1870 a Le Havre, garin tashar jiragen ruwa a Faransa. A 1889 mahaifansa biyu suka rasu, 'yan watanni tsakani. Dole ya ajiye karatu ya riƙe kasuwancin gidansu, daga nan kuma aikin soja na dole ya biyo baya. Sai a 1892 ya samu shiga jami'ar Sorbonne a Paris, yana da shekara 22.

Ranar 29 ga Maris 1900 ya kare kundin digirinsa na uku, a kan cinikin takardun bashin gwamnati a kasuwar hannayen jari ta Paris. Abin da ya ce shi ne: mai saye yana ganin farashi zai hau, mai sayarwa yana ganin zai sauka, kuma a kan farashi ɗaya suka daidaita. Ke nan abin da kasuwa ta sani ya riga ya shiga farashin yau. Abin da zai motsa shi gobe sabon labari ne, shi kuwa ba wanda ya san inda zai nufa.

To ina lissafin? Ku saurara, nan ne daɗin yake. Ya nuna cewa nisan da farashi kan yi yawo ba ya ƙaruwa daidai da yawan kwanaki. A ce a yini guda buhu kan motsa da naira 100, sama ko ƙasa. A kwana 4 ba 400 za ka sa rai ba, 200 ne. A kwana 9, 300. Dalili kuwa, hawan yau yakan cinye saukar jiya. Da wannan ya fitar da kuɗin da ya dace mutum ya biya don a riƙe masa kaya a kan farashin yau, kusan kamar kafin alƙalami: in ka fasa saye, kuɗin ya tafi. Shekara 5 bayan haka, a 1905, Albert Einstein ya yi irin wannan lissafi a kan yawon ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa, duniya ta yi masa tafi.

Shi kuwa Bachelier fa? Henri Poincaré, babban malamin lissafin Faransa a lokacin, yana cikin masu jarrabawa. Ya yaba aikin, amma ya ce batun ya yi nisa da abin da ɗalibansu suka saba ɗauka. Aka ba shi sakamako mai kyau, ba na ƙoli ba, alhali na ƙolin ne ke buɗe ƙofar manyan kujeru. Haka ya yi ta koyarwa ba matsayi tsayayye, ya je yaƙin duniya na ɗaya, ya dawo ya zagaya Besançon, Dijon da Rennes.

A 1926 ya nemi kujerar farfesa a Dijon. Aka tura wa Paul Lévy wani ɗan yanki na rubutunsa ya duba. Lévy bai karanta farkon ba, ya ce akwai babban kuskure, kujera ta wuce. Ni dai wannan ya fi komai ci mini rai a labarin, shafi kaɗan aka karanta aka yanke wa mutum hukunci. Daga baya Lévy ya ga Kolmogorov na Rasha ya ambaci Bachelier a wani aiki na 1931, ya koma ya karanta, ya nemi afuwa. Kafin nan, a 1927, Besançon ta ba shi farfesa yana da shekara 57. Ya yi ritaya a 1937, ya rasu a watan Afrilu 1946.

Kusan shekara 10 da rasuwarsa wani malami a Amurka, Jimmie Savage, ya ci karo da littafinsa, ya aika wa masana tattalin arziki katin wasiƙa yana tambaya ko sun san mutumin. Paul Samuelson ya nemo kundin. Ya ga gyara ɗaya: a lissafin Bachelier farashi yana iya sauka ƙasa da sifili, abin da kowa ya ɗauka ba ya yiwuwa. Aka gyara, kuma a kan gyaran aka gina tsarin Black da Scholes na 1973, wanda ya kai Scholes da Merton ga kyautar Nobel a 1997.

Sai ga korona. Ranar 20 ga Afrilu 2020 wurin ajiyar ɗanyen mai ya yi ƙaranci a Amurka, farashin ganga ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili, wato mai kaya ne ke biya a kwashe masa. Tsarin da aka gyara ya kasa lissafa wannan. A cikin makon, kasuwar CME ta Chicago ta koma amfani da lissafin Bachelier na 1900 wajen cinikin man.