Yadda Aka Wanke Ƙasar Bagega

A ƙasarmu ta Rano da Kibiya, in gari ya bunƙasa, akan cike tsohuwar marina ko kududdufi a ɗora gida a bisa. Ba safai mai gini ya kan tambayi abin da aka taɓa zubarwa a wurin ba. To, ga labarin abin da ya auku a Zamfara, domin mu yi tunani.

Cikin shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Yargalma da Abare. Yaro sai ya kama amai, ya shiga taune-taune, kwana kaɗan a kai shi kushewa. Likitocin ƙungiyar MSF suka bincika, suka tarar dalma ce cikin jininsu. Dalili kuwa, mutanen wurin suna haƙar zinariya, su kawo dutsen gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji. Ashe dutsen nan haɗe ya ke da dalma. Ƙurarsa ta bi tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Yara fiye da 400 suka rasu.

Likitoci suka ce magani kaɗai ba ya isa, gama in yaro ya warke ya koma gidan, sai dafin ya sake kama shi. Dalma ba ta ruɓewa kamar shara, tana nan ko bayan shekaru. Saboda haka aka fara da fid da aikin dutse bayan gari. Sa'an nan ma'aikatan jiha da mutanen ƙauye, tare da masanan TerraGraphics daga Amurka, suka bi gida gida da na'urar awo. Inda dafi ya yi yawa, sai a kankare ƙasar sama kamar inci 2, a ɗura a buhu, a kai wani rami nesa a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Haka aka yi wa ƙauyuka 7. Bagega, wadda ta fi su girma, ta daɗe tana jiran kuɗi, sai a 2013 Gwamnatin Tarayya ta bayar aka gyara ta, kana aka soma yi wa yaranta magani.

Mu nan ba mu niƙa dutsen zinariya, kuma baba da tokar marinar kakanninmu ba irin wannan dafi ba ne. Amma dalmar nan ita ce cikin batirin mota, da ake fasawa a gefen kasuwa. Wanda zai sayi fili, kada ya tsaya kan iyaka da takarda kaɗai. Ya je wurin mai unguwa da dattawa ya ji sana'ar da aka yi a wurin. In ya ji abin shakka, ya nemi ma'aikatan lafiya kafin ya sa harsashi, gama 'ya'yansa ne za su yi rarrafe a kan ƙasar. Allah ya kiyashe mu, amin.