Igwar roba mai zabura ba albarushi

Tankar yaƙin Jamus da ake kira Tiger, wadda nauyinta ya kai tan 57, idan aka rage ta sau 16 tsawonta yakan tsaya a rabin mita da 'yan kai, har da bututun igwa. A wannan girman masu sha'awar tankokin rimot suka fi haɗa ta, a Japan da Jamus da Ingila da Amurka, kuma galibinsu manya ne masu furfura, ba yara ba. Mutum zai kwashe makonni yana jera gaɓoɓin sarƙar ƙafa, yana fenti, yana shafa wa tayoyi laka ta ƙarya. Amma ranar da ya kai ta filin wasa, abin da 'yan uwansa ke zuba wa ido shi ne lokacin harbi. Shin bututun ya zabura baya da ƙarfi, sannan ya dawo a hankali? Idan bai yi ba, sai a yi murmushi a ce abin wasan yara ne.

Abin dariyar shi ne, wannan zaburar da ake kashe kuɗi da dare don a ƙirƙiro ta a jikin roba, ita ce injiniyoyin soja suka shafe ɗaruruwan shekaru suna neman maganinta. Duk maharbin da ya taɓa ɗana bindigar toka ya san naushin da take kai wa kafaɗa. A igwa, naushin yakan tura keken gaba ɗaya baya da taku da yawa. A yaƙe-yaƙen zamanin Napoleon, bayan kowane harbi sai sojoji sun tattaru sun turo igwar mazauninta, a sake saiti daga farko, hayaƙi ya rufe ido, abokan gaba kuma suna matsowa.

Faransa ce ta fara warware matsalar yadda ya kamata, da igwarta mai faɗin baki milimita 75 samfurin 1897. Wasu hafsoshi, Deport da Sainte-Claire Deville da Rimailho, sun ɗora bututun a kan shimfiɗa, suka haɗa shi da silinda mai cike da mai da kuma iska da aka matse. Idan an harba, bututun kaɗai ke zamewa baya, fiye da mita ɗaya, yana tilasta wa man ya bi ta ƙaramar kafa, wanda shi ke shanye ƙarfin. Iskar da ta ƙara matsuwa kuma sai ta mayar da bututun gurbinsa cikin natsuwa. Keken ba ya gusawa, saiti ba ya ɓacewa, ƙwararrun sojoji suna iya sakin harsashi 15 a minti ɗaya. Sirrin birkin igwa ya yi tsada a wancan zamani har ya shiga ɗaya daga cikin manyan shari'o'in tarihin ƙasar. Takardar da aka tsinta a kwandon sharar ofishin jakadancin Jamus a Paris a 1894, wadda aka ɗora wa Kyaftin Alfred Dreyfus laifin rubutawa bisa zalunci, ta ambaci bayani kan birkin mai na wata igwa mai milimita 120. An kai Dreyfus kurkukun Tsibirin Shaiɗan, ba a wanke shi ba sai a 1906.

Da aka zo saka igwa a cikin tanka, sai wuri ya zama matsala. Hasumiyar da ke juyawa a saman tanka irin Tiger ƙaramin ɗaki ne mai mutum uku a ciki, ba inda bututu zai zame mita guda. Igwar Tiger mai milimita 88 tana komawa baya fiye da rabin mita kaɗan, kuma an kewaye bayanta da garkuwar ƙarfe don kada ta murƙushe wanda ke loda harsashi. Wannan ƙullutun mai ramuka da ake gani a bakin bututun shi ma birki ne: yana karkatar da iskar harbi gefe, ya rage wa silindojin ciki nauyi. Motsin da ido ke gani daga waje kala biyu ne, wuf baya, sannu gaba. Shi masu tankokin rimot ke farauta.

Labarinsu ya faro ne daga Shizuoka, wani birnin Japan da ke kusa da Dutsen Fuji, wanda ya daɗe da suna a sassaƙar katako. A 1946 Yoshio Tamiya ya buɗe wurin yankan katako a can, daga baya ya shiga yin jiragen ruwa da na sama na wasa da itace. Da roba ta shigo daga Amurka ta kashe kasuwar katako, kamfanin ya sha wuya, sai a farkon shekarun 1960 ya farfaɗo ta dalilin tankar Panther mai ƙaramin moto a ciki. An auna girmanta ne yadda batir biyu za su shige cikinta, da aka lissafa sai aka ga ta zo kashi ɗaya cikin 35 na ta gaske. Da haka wannan ma'aunin ya zama na duniya, ba don wani ya zauna ya tsara shi ba. Ɗan mai kamfanin, Shunsaku Tamiya, ya yi suna da yawon gidajen tarihin soja na Amurka da Turai da kyamara da tef ɗin awo, yana rarrafe a ƙarƙashin tankoki don ya ga abin da hoto ba ya nunawa.

A 1974 kamfanin ya fitar da abin rimot ɗinsa na farko, tankar Sherman ta Amurka mai girman kashi ɗaya cikin 16. Tana tafiya gaba da baya, tana juyawa, tana hawa tudu, igwarta dai shiru kamar sanda. Rediyon lokacin ma ba shi da sarari: 'yan tashoshi kaɗan ne a kan zangon megahaz 27, kowane mai wasa da ɗan tutarsa mai launi a kan eriya, don idan biyu suka haɗu a launi ɗaya, rimot ɗin wannan sai ya ja tankar wancan.

Sai da aka shiga shekara ta 2000 Tamiya ya fito da Tiger mai cikakkun kayan aiki: ƙarar inji daga lasifika, hasumiya mai juyawa, walƙiya a bakin bututu, da bututu mai zabura. A nan ne aikin waya ya zama sana'a, domin abubuwa huɗu ne dole su faru a ƙiftawar ido ɗaya, wato ƙara, haske, zaburar bututu, da ɗan girgizar jikin tanka. Idan ɗaya ya makara da rabin daƙiƙa, ƙaryar ta tonu.

Tsohuwar dabarar, wadda har yau ake samu a tankoki da yawa, ta inji ce zalla. Ƙaramin moto yana juya wani faifai mai doro ta hanyar jerin haƙoran giya. Bututun yana jingine da doron, sifirin kuma yana jan sa baya. Idan faifan ya juya ya kai inda doron ya yanke, sai sifirin ya fizge bututun baya nan take. Yayin da faifan ke ci gaba da zagayawa, doron ke tura shi gaba sannu a hankali. A gefe akwai wani ɗan makunni mai harshen ƙarfe, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wanda faifan ke taɓawa idan ya cika zagaye ɗaya, ya gaya wa allon lantarki a yanke wuta. Wayoyi huɗu ke nan, biyu na moto, biyu na makunni, kuma kowane biyu da irin tsiyarsu. Wanda ya juya na moto, faifan zai koma da baya ya caki doron, giyar roba ta yi ƙara ta zubar da haƙora. Wanda ya bar na makunni a kwance ko dalma ba ta kama ba, tankarsa za ta yi ta zabura ba tsayawa har batir ya mutu. Inda aka haɗa da fitilar walƙiya irin ta kyamara kuwa, akwai ɗaruruwan bolt a ajiye cikin ɗan akwatinta ko bayan an kashe tankar, kuma yatsan da ya yi garaje yakan ji a jikinsa.

Tankar Tamiya tana da tsada, shi ya sa ta daɗe a hannun masu hali. Kamfanin Heng Long na yankin Shantou a kudancin Sin ne ya buɗe ƙofa a shekarun 2000, da tankoki haɗaɗɗu a kwali, masu fitar da hayaƙi da harba 'yan ƙwallayen roba masu milimita 6, a kan kaso kaɗan na kuɗin ta Japan. Sai dai sun bi gajeriyar hanya wajen zabura. Maimakon bututu ya motsa, allon lantarki yakan ba motocin ƙafa wuta ta baya na ɗan lokaci, tankar gaba ɗaya ta yi tsalle da baya. Yara sun so abin. Manya kuwa suka yi ta ƙorafi, kuma da gaskiyarsu: ƙarfe mai tan 57 ba ya tsalle don an harba igwa, wannan ai an mayar da Tiger zamanin Napoleon ke nan. Da yawa daga masu sayen Heng Long abin da suke fara yi shi ne neman yadda za su kashe ko su rage wannan tsalle.

Daga wannan ƙorafin wata ƙaramar kasuwa ta tashi. Kamfanoni irin su Taigen da Torro suka riƙa sayar da bututun ƙarfe da na'urar zabura da za a dasa a tanka mai arha, wasu ƙananan masu ƙira irin su Clark da ElMod suka fito da allunan lantarki da ake saita su yadda ake so. Su ne suka yaɗa dabara ta biyu, ta amfani da sarbo, ɗan moton nan mai hannu da masu jiragen rimot ke juya fukafukai da shi. Sarbo wayarsa uku ce: baƙa ko ruwan ƙasa ta ƙasa, ja ta wuta a tsakiya, sai fara ko ruwan lemo ta saƙo. Allon yana aika masa bugu sau 50 a daƙiƙa, kuma tsawon kowane bugu, tsakanin kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na daƙiƙa, shi ke gaya masa inda zai tsayar da hannunsa. Ba faifai, ba sifirin, ba makunni. Mai tanka yana iya cewa a ja baya da iyakar gudu, a dawo cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, a tsaya a nan. Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Wani yakan haɗa sarbo kai tsaye da batir mai bolt 7.2 alhali yawancinsu biyar zuwa shida suke ɗauka, sai ƙauri ya tashi. Wani kuma yakan ɗaura hannun ta gefen da ba shi ba, ranar gwaji a ga bututu ya yi tsalle gaba yana bin harsashi.

Duk waɗannan wayoyi dole su sauka daga hasumiya zuwa gangar jiki ta rami ɗaya, hasumiyar kuma juyawa take yi. Shi ya sa tankoki masu arha da yawa ba sa cika zagaye, akan tsayar da su a wajen digiri 320 don kada wayoyi su murɗe su tsinke. Masu son cikakken juyi sukan sayi wani zoben tagulla mai burushi da ke wuce da wuta ba tare da murɗewa ba, sannan su zauna lissafin layuka: uku na sarbo, biyu na ɗaga bututu, biyu na walƙiya, sauran na na'urar yaƙin haske.

Wannan ta ƙarshe ita ke tara su a fili. Tamiya ya ƙirƙiro wani ɗan dunƙule da ake kafawa a saman hasumiya, wanda masu wasa ke kira tuffa saboda siffarsa. Yana karɓar hasken da ido ba ya gani daga igwar abokin karawa, allon lantarki kuma yana ƙirga raunuka. Ƙaramar tanka takan mutu da harbi uku, matsakaiciya da shida, babba irin Tiger da tara, kuma kafin ta mutu gudunta yakan riƙa raguwa. A irin waɗannan tarukan ba a yarda da ƙwallayen roba, don suna fasa fenti, suna kuma iya samun idon mutum. Saboda haka mai Heng Long da ke son shiga gasa yakan cire bindigar ƙwallon gaba ɗaya daga hasumiya, a gurbin da ta bari ya ɗaure sarbo da 'yan sukurori biyu.